Tsohuwar kat-kat ɗina na zafi in ta shiga yashi, an ce in cire kalosta

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum ƴan uwa masu motocin daji, ya zafi ya haƙuri da rana. Dan Allah shawara nike nema wajen waɗanda suka san tsohuwar Land Cruiser ciki da waje. Motar marigayi babanmu ce, Allah ya jiƙan shi, pikap 75 ta 1996 mai injin 1HZ, silinda 6, gazuwal take sha. Tun ina lakkol yake cin kasuwannin daji da ita, da ya rasu ƴan uwa suka ce a saida a raba kuɗi, ni na roƙe su a bar mini ita cikin rabona, don wallahi ba zan iya ganin wani na jan ta cikin garin nan ba. Yanzu da ita nike ɗauko hatsi da wake, wani lokaci tumaki, daga ƙauyukan bayan Damagaram Takaya da wajajen Tanout.

Ƙananan ayyuka duk ni ke yi da hannuna a ƙofar gida, bidanj, canjin filtir, sa giris a kardan, gyaran firen, akwatin kile na baba na nan ban taɓa rabuwa da shi ba. Amma abin da ya shige mini duhu shi ne, tunda bazarar nan ta kama, in ina kan kwalta lafiya lau allurar zafi na tsakiya ba ta motsi ko da kaya, da na sauka yashi na sa kat-kat na yi kamar minti 20 sai ta fara hawa, ran Laraba da ta wuce har ta kusa taɓa ja, na tsaya na ji ruwa na tafasa yana zuba ta ƙaramin tiyo na robar ajiya. Na jira ta huce na ƙara ruwan bido kusan lita 2 sannan na lallaɓo gida.

Wani mai gyara a unguwarmu ya ce kalosta ce, wato abin nan mai daidaita zafin ruwan inji, wai ta ƙasar sanyi ce Turawa suka sa, mu nan ba ta da amfani, in cire in yar kuma a ɗaure fankar da ƙusa ta riƙa juyawa daidai da inji shikenan. Ban yarda ba ban ƙi ba, don baba shekara da shekaru bai taɓa cire ta ba kuma har Agadez yake zuwa. Me kuka gani? Tsorona ɗaya kar kilas, wato kan inji, ya tsage, ba ni da kuɗin shi yanzu.

Direban Tanout:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan baba. Ɗan uwa cire ta kawai, ni tawa shekara 6 babu kalosta kuma kullum ina bisa hanya, je ka tasha ka buɗe kapo na motoci goma ka gani nawa ke da ita. Garin da rana ke wuce 40 a Afrilu da Mayu me za ka yi da abin ɗumama inji.

Tsohon Makaniki na Zango:

Wa alaikumus salam yarona, Allah ya gafarta wa mahaifinka, ya sa ka riƙe amanar motar nan. Kar ka cire. Na rantse maka na buɗe injin 1HZ ya fi yadda zan ƙirga, kuma akasarin waɗanda aka kawo mini da kilas a fashe babu kalosta a cikinsu. Direban Tanout ka yi haƙuri ƙanena, ban ƙaryata ka ba, taka tana tafiya don radiyatonka na da lafiya ne, ba don ka cire ta ba.

Bari in faɗa maka yadda take. A injin nan kalosta tana ƙasa, wajen da babban dirit (tiyon roba) na ƙasa ke shigo da ruwa daga radiyato, kuma aiki biyu take yi ba ɗaya ba. In ruwa ya kai wajen digiri 76 sai ta buɗe hanyar radiyato, a lokaci guda wani ɗan faifai da ke gindinta ya toshe wata gajerar hanya ta cikin inji wadda ruwa ke zagayawa in inji na da sanyi. To in ka cire ta wannan gajerar hanya ta zauna a buɗe har abada, ruwa kuwa ba ya son wahala, wani kaso nashi zai riƙa zagayawa a cikin inji da zafinshi bai leƙa radiyato ba. Kana ganin ka buɗe ƙofa ashe ka rage ma radiyato aiki ne a ranar da ka fi buƙatar shi. Ga kuma hunturu, safiyar Janairu inji zai daɗe bai ɗumama ba, gazuwal ba ya ƙonewa da kyau, hayaƙi, mai ya yi saurin baƙi, silinda na ci a hankali. In kana zarginta fiddo ta ka jefa cikin tukunya da ruwa ka ɗora a wuta, kafin ruwan ya tafasa za ka ga ta buɗe baki sosai, in ta ƙi ko ta buɗe kaɗan to ta mutu ka sa sabuwa irinta mai faifan nan, kuma ɗan ramin iska mai ƙwallo ya kalli sama.

Amma ni abin da ka faɗa ya riga ya nuna mini ɓarawon. Kan kwalta lafiya, cikin yashi zafi. Kan kwalta gudu ne ke tura iska cikin radiyato ko babu fanka ma za ta yi sanyi, cikin yashi kuwa inji na ihu mota na rarrafe, iskar da za ta samu duk daga fanka ce. Fankar motarka ba a ɗaure take ba, a tsakiyarta akwai wani kwano na alminiyom mai haƙarƙari, cikinsa man silikon ne mai kauri kamar zuma, a gabansa kuma ɗan ƙarfe naɗaɗɗe kamar na agogo. In iska mai zafi ta bugi ƙarfen sai ya murɗa, man ya shiga, fanka ta kama da ƙarfi. Mota mai shekara kusan 30 in ba a taɓa ƙara man nan ba ai ya tsiyaye ko ya tsinke, fanka na juyawa a ido amma ba ta jan komai.

Gobe da safe ka tada ta ka saurara. Mai lafiya za ta yi gurnani kamar minti ɗaya ko biyu sannan ta yi shiru, in inji ya yi zafi sosai gurnanin ya dawo, har a cikin kabin za ka ji shi. Sannan bayan ka yi tafiya ta ɗau zafi, ka kashe inji ka cire makulli ka sa aljihu, ka tura fiffiken fankar da hannu. In ta tsaya nan take da nauyi to da sauranta, in ta yi ta juyawa kamar kurfi to shi ne. Ka duba gaban kwanon kuma, in ka ga ƙura ta manne ta yi baƙin laka kewaye da naɗaɗɗen ƙarfen, man ne ya fita ta nan. Kar ka kuskura ka sa hannu ko tsumma inji na aiki, na ga wanda ya rasa yatsu biyu a gabana.

Na biyu ƙarangiya. Duk wanda ke bin hanyar daji bayan damina gaban radiyatonsa cike yake da ita da ƴaƴan ciyawa da ƙwari, daga waje ba ka gani sai ka haska tocila ta bayan radiyato ka leƙa ta gaba, inda haske bai fito ba iska ma ba ta wucewa. Ka wanke daga wajen inji zuwa waje da ruwa marar ƙarfi, kar ka yarda yaran wankin mota su sa mishi injin feshi, yana kwantar da haƙarƙarin. Kwandon roba da ke kewaye da fankar yana nan ko an yar? Da yawa in ya karye sai su cire, alhali in babu shi fanka iskar gefe take ja.

Kafin duk wannan ma ka tabbatar kilas bai riga ya taɓu ba. Da sanyin safiya buɗe bushon, wato murfin radiyato, cika ruwa har wuya, tada inji ka zuba ido. In kumfa na fitowa ɗaya bayan ɗaya ba ta yankewa, ko dirit na sama ya yi tauri kamar taya tun inji bai ɗumama ba, ko ka ga man inji ya koma kalar shayi da madara, to ka dawo mu yi wata magana daban.

Ɗan Birni:

Baba na gode Allah ya ƙara girma. Na gwada yau bayan asuba, alhamdu lillahi babu kumfa, mai baƙi ne kamar kullum. Amma fanka kam gaskiyarka, na je har Mirya na dawo na kashe na tura ta da yatsa ɗaya ta zagaya kusan sau 3, kuma laka baƙa na nan a gabanta yadda ka faɗa. Gurnanin nan da kake magana sai yanzu na tuna, da muna yara in baba ya tada ta da safe duk gida sai an ji, ban san yaushe ya ɓace ba. Kwandon yana nan amma ya tsage ta ƙasa an ɗaure da waya. Ana iya ƙara man a gida ko sai sabuwa?

Tsohon Makaniki na Zango:

Ana iyawa in ta asali ce ta Aisin mai sukurori, ba irin wadda aka matse bakinta ba. Kwance fankar, raba kwanon biyu, sukurorin suna da taurin kai ka sa sukundireba mai kyau ka buga mata guduma kaɗan kar ka cinye kansu. Ka kife rabi-rabin a rana su tsiyaye tsohon man, ka zuba sabon man silikon na fanka, masu piyes sun san shi yana zuwa cikin ƴan ƙananan robobi, in babu a nan ka ba direbobin Kano saƙo, a Ƙofar Ruwa ba a rasa shi. Kar ka cika ya wuce misali, in ya yi yawa za ta kama kullum ba ta saki. Zoben roba na tsakiya yakan saki ya yi tsawo, ka bi shi a hankali ya koma gurbinsa. In kuma ka girgiza kwanon ka ji yana wasa a kan sandarsa to rulma ta tafi, mai ba zai yi magani ba sai wata. Ɗaure ta da ƙusa na yarda da shi a daji ne kawai don ka kai gida, in ka bar ta haka tana shan gazuwal, tana wahalar da pompin ruwa, kuma fiffiken roba da ya tsufa in ya ɓalle da gudu radiyato yake faɗawa.

Direban Proje:

Salam. Baba ya gama magana a kan inji, ni ta wajen tuƙi zan ƙara don shekara 11 na yi ina jan irin motar nan tsakanin Gure da Tasker, yashin can ba wasa ba ne. Malam Ɗan Birni iska nawa kake bari a taya in ka sauka kwalta? Don na lura masu ɗaukar kaya ba sa son sacewa, suna shiga yashi da kilo 4 ko fiye, taya ta yi tauri tana haƙa rami tana tura tudu a gabanta, injin 1HZ kuwa doki 130 ne kacal a jikinsa babu turbo, duk ƙarfin da ya ɓata wajen haƙa zafi yake komawa. Mu in babu kaya mai nauyi muna saukowa wajen kilo 1 da rabi, da kaya a bar na baya ya ɗan fi haka, za ka ji mota ta yi sauƙi kamar an sauke mata buhu biyar. Sai dai in tayoyinka masu shambur ne irin 750-16 kar ka yi gudu a haka kuma da ka hau tsakuwa ko kwalta ka mayar da iska, shi ya sa pompi ba ya barin motata.

Sannan bitas, wato giyar mota. Da yawa suna barin ta a H4 (kat-kat na gudu) su sa ta biyu su taka totur har ƙasa, inji na nishi baƙin hayaƙi na fita, wannan shi ne ke dafa kilas. Gara ka tsaya cak ka sa L4 (kat-kat na ƙarfi) ka tafi da ta uku ko ta huɗu inji na juyawa sakayau wajen 2000 zuwa 2500, a nan ƙarfinsa yake, fanka da pompin ruwa ma suna samun juyi. In ka ga hayaƙi baƙi ɗaga ƙafa ka sauko bitas. Ka duba filtir na iska ma, a ƙurar nan tamu ni duk dawowa daga daji sai na fiddo shi na kakkaɓe, in ya toshe inji na shan gazuwal babu iska sai zafi. Kuma in wani ya taɓa murɗa sukurun pompin gazuwal don wai ta ƙara ƙarfi, a mayar da shi.

Abin da ya fi damuna a maganarka shi ne ruwan bido. Ruwan ina ne? Mu can rijiyoyi da yawa ruwan kanwa ne, na ga radiyato da aka buɗe bututunsa rabi sun toshe da farin abu kamar alli, saura kuma jan tsatsa. Radiyato na tagulla irin na da yana da daɗin sha'ani, masu gyaransa za su narke dalma su cire tankin sama su zura ƙarfe cikin bututu ɗaya bayan ɗaya su mayar. Kana iya ganewa da tafin hannu, in ka kashe inji da zafi ka shafa jikinsa a hankali, inda ka ji sanyi a tsakiyar zafi wurin ruwa ba ya bi. Bayan an wanke ka sa ruwan radiyato na gaskiya mai kala, ba don ƙanƙara ba, don tsatsa, kar ka haɗa ja da kore, in za ka sirka ka sirka da tataccen ruwan batir marar asid ko ruwan sama da aka tace. Bushon ma ka canza, an rubuta 0.9 a kansa, matsin nan shi ke hana ruwa tafasa sai ya haura digiri 115, in robarsa ta mutu tun 100 zai fara amai, kila ma rabin abin da ka gani ran Laraba kenan. Abu ne na jika ɗaya ko biyu amma mutane sai su bar shi shekara goma.

In ta sake hawa a daji kar ka kashe nan take, juya hancinta wajen iska, buɗe kapo, bar ta tana aiki a hankali har allura ta sauko, sai fa in ruwa ne ya zube gaba ɗaya to kashe da sauri. Kar ka buɗe bushon da zafi kuma kar ka kwara ma inji ruwan sanyi.

Mai Shago Sabon Gari:

Ni ba makaniki ba ne amma abin da ya same ni nike so ka ji. Tunda za ka kwance gaban inji, yaushe rabon a canza kuruwar distiribisiyo, wato bel ɗin da ke daidaita juyin inji? A 1HZ roba ce mai haƙora, a irin taka duk kilomita 100,000 ake canza ta, akwai ma fitila a tablo da aka rubuta T-BELT. Tawa fitilar ta kama na kai wani gareji, ashe kashe fitilar kawai aka yi aka karɓi kuɗin kuruwa, ban sani ba sai da ta tsinke mini bayan Takeita da iyali a ciki muna dawowa daga biki. Piston ya bugi supap (bawul), abin da na kashe ya isa sayen kuruwa ashirin, motar ta yi wata 4 a ajiye, har yau in na tuna yarana a gindin bishiya cikin rana raina na ɓaci. In ba ka san ranar da baba ya canza ba ka ɗauka lokaci ya yi, ka sayi ta asali da ƴar tayar da ke matse ta, ka tsaya a kai a sa a gabanka ko ka sa da kanka. Kuma pompin ruwa sai an bi ta wurin ake kai gare shi, in yana da alamar yoyo a yi aiki ɗaya.

Direban Tanout:

To Baba na ji, ni dai ban taɓa sanin zancen faifan nan da gajerar hanya ba, mu haka muka tarar ana yi. Gaskiya da hunturu tawa sai na wuce matatar mai ta SORAZ allura ba ta tashi daga ƙasa ba, kilomita 50 kenan, ina ɗauka alheri ne. Amma fa kalostar da ake saidawa yanzu wasu jabu ne, na ga wadda ta maƙale a rufe ta kashe inji, shi ya sa mutane ke tsoro. In na samu ta asali zan mayar.

Ɗan Birni:

Ƴan uwa na dawo da labari, kwana 9 kenan. Na raba kwanon fanka a tsakar gida bisa tabarma, abin da ya rage a ciki bai kai cokalin shayi ba kuma ya yi baƙi, na zuba sabo. Radiyato na ciro na kai aka buɗe a gabana, Direban Proje kamar kana wurin, bututu da yawa ƙarfe ma da ƙyar ya shiga, ƙarangiyar da ta fito daga gabansa kuwa ta cika kwanon sha. Kalosta na dafa ta a tukunyar shayi ta buɗe amma ba sosai ba, sai na sa sabuwa, na canza bushon da dirit na ƙasa da ya yi laushi, kwandon fanka na ɗinke shi da rivet da ɗan gwangwani.

Jiya na je ƙauye na ɗauko buhu 12 na hatsi da tsakar rana, na sace iska na sa L4 yadda aka ce, a daidai tudun yashin da ta tafasa rannan sai na ji gurnanin nan ya taso daga gaba, wallahi sai da idona ya kawo ruwa don muryar motar baba ce sak. Allura ba ta gusa daga tsakiya ba har gida.

Kuruwa kam na buɗe murfin na gani, bayanta ya fara tsattsagewa ƙanana-ƙanana, na ajiye motar ba zan sake tada ta ba sai saƙon Kano ya iso ran Asabar. Baba na Zango in da hali ina so in zo in ɗauke ka a babur ka tsaya mini a kai wajen daidaita alamomin, sau ɗaya in gani da idona ya ishe ni.

Tsohon Makaniki na Zango:

Ka zo bayan la'asar rana ta yi sanyi. Ka tanadi kile 10 da 12 da 14 da babban soket na juya inji, da alli ko farin fenti na yin alama, kuma ka cire kan batir kafin in iso.